Tambayoyinku: Shara Ta Yi Mana Yawa A Gidan Renon Yara

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ina da ɗan gidan renon yara a nan Kano, yara 18 ne daga 'yan wata shida zuwa shekara uku, wallahi sharar da muke tarawa kullum kamar an yi biki, ga famfas ga ledar fiyawata ga ledar biskit ga ragowar taliya, mai gadinmu kuma da yamma sai ya haɗa ya banka musu wuta, maƙwabta har sun fara magana. Dan Allah ya zan yi? Daga wata mai reno, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar wutar nan dai a daina ta tun yau, famfas da leda roba ce, hayaƙinsu guba ne ga ƙirjin manya ma balle jariri mai asma, kuma famfas mai jiƙa ba ya ma cinyewa, sai ya kwana yana turnuƙa unguwa. Maƙwabtanki suna da gaskiya.

To ki duba da kyau, yawancin sharar nan a jakar iyaye take shigo miki. Yara 18, in kowanne an canza masa sau 3 kafin a tashi, famfas 54 kenan a rana, 270 a kwana biyar. Ba zan ce ki koma nafkin na yadi gaba ɗaya ba, wa zai yi wankin, da wane ruwan? Amma 'yan shekara biyu zuwa sama ku zauna da iyayensu a fara koya musu fo tare, gida da makaranta, ba ke kina koyarwa uwa tana ɗaura masa famfas har ranar Lahadi ba, wannan kaɗai zai rage miki tulin sosai. Famfas ɗin da aka cire kuma a juye kashin a masai, a naɗe a ƙulle a sa a bokiti mai murfi har masu kwasar shara su zo, ko ki tambayi hukumar kwasar shara ta Kano, REMASAB, inda ake zubarwa a unguwarku. Kar a jefa a masai ko kwata, abin da ke cikinsa kumbura yake in ya sha ruwa, da damina kuwa kin san sauran.

Fiyawata kuma, kowane yaro ya zo da gorarsa an rubuta sunansa a jiki, ke ki ajiye tsaftataccen ruwa kina cika musu. Yaro ɗan shekara biyu ba ya shanye leda guda, rabi a riga rabi a ƙasa, ledar kuma iska ta kai ta bakin akuya.

Abinci, ki roƙi iyaye su rage zubi, wata sai ta cika kula kamar magidanci zai ci. Ragowar a tara wa mai kaji ko tumaki. Gorunan roba da gwangwanin madara 'yan bola jari suna saye, kuɗin ya shiga sabulu.

Kwalaye kar ki yar, yara sun fi son shiga kwali su ce mota ce a kan kayan wasan da aka saya da tsada. Sai dai murafun kwalba da wasu ke tarawa don koyar da ƙirga, ki bar su ga ajin manya, naki duk ƙasa da shekara uku ne ko daidai ita, baki suke kai komai.