Amsa ga ɗan'uwa da ya tambayi Hausawan Bur Sudan

Malam, ka ce wai mu da muke bakin Bahar Maliya ai rairayi ne kawai da raƙuma, kuma wai ko har yanzu Hausawa ne mu. To bari in fara da ƙasar tukuna. Bur Sudan, wanda kuke ji a rediyo ana cewa Port Sudan, gari ne a matse, gabas teku yamma duwatsu, Turawan Ingila suka fara gina shi a 1905 saboda manyan jiragen ruwa sun kasa shiga tsohuwar tashar Sawakin. Damina kuma ba irin taku ba ce, lokacin da kuke shuka a Yuli da Agusta mu zafi ne da gumi har mutum ya kasa kwana a ɗaki, masu hali su hau Arkawit can kan dutse su sha iska, ɗan ruwan saman da muke samu sai wajen Nuwamba da Disamba.

Ruwan sha shi ne ciwonmu. Ga teku a gabanka amma sai mai amalanken jaki ya zo ka sayi jarka. Da madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024, wadda ita ce ke shayar da garin, rayuka sun salwanta, jarka ta yi tsadar da ba a magana.

Siyasa kuwa nan yankin ƙabilun Beja ne, Hadandawa da sauransu, ga kuma ƙabilar Bani Amir, sun daɗe suna kukan cewa tashar jirgi tasu ce amma kuɗin Khartoum ke ci, har aka yi sulhu da gwamnati a Asmara ta ƙasar Eritrea a 2006. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gwamnati ta kwaso kayanta ta sauka nan, kuɗin haya ya haukace. Mu a tsakiya muke, kuma ba mu manta 2022 ba, da aka kashe 'yan'uwanmu a jihar Blue Nile kan maganar sarauta da ƙasa, Hausawa suka fito zanga-zanga har nan.

Yanzu maganar da ta taɓa ni. Kakana da ƙafa ya taso zai je Makka, guzuri ya ƙare, ya zauna dako a tasha, Allah ya nufa ya sauke farali ya dawo nan aka binne shi. Har ya rasu in ba tuwo da miyar kuka a gidan to a wajensa ba a ci abinci ba. Eh ƙanwata tana auren ɗan Bani Amir, kuma me? Musulmi ne, ya biya sadaki, an yi kamu an sa lalle, gwaggonmu ta yi mata buɗar kai kamar yadda aka yi wa uwarmu. Yanzu da safe ita ke soya masa bunu, wato 'ya'yan kofi, ta daka da citta ta zuba a jabana, butar dafa kofi, da dare shi ke zuwa wajen yayanmu mai agashe ya sayi tsire.

Gaskiya yaranmu Larabci ya fi zama a bakinsu, da shi suke karatu, wannan yana damuna ƙwarai. Amma in mun kira waya gida Larabci ya shigo cikin maganarmu sai ku kwashe da dariya ku ce 'yan Sudan, nan kuma a ofishin katin ɗan ƙasa a tsare mu da tambayar asalin kakanmu. Dariyar nan ce ta sa ɗana ya daina karɓar wayar in an ce daga Najeriya ne.