Yadda kaza ke gina ɓawon ƙwai cikin dare ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon kajin ƙwai a Funtuwa. Duk lokacin bazara sai ɓawon ƙwan ya yi laushi, wani ma tun a akurki yake fashewa. Yaya jikin kaza ke yin abu mai tauri haka, kuma shin mutane sun iya kwaikwayonsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a kiwon. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawon ƙwai sinadarin kalsiyam kabonet ne, wato abin da ke cikin alli da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, da farin daskararren nan da ke taruwa a gindin butar shayi. A buta yana taruwa ne barkatai. A jikin kaza kuwa akwai mai tsara masa inda zai fara, da siffar da zai ɗauka, da lokacin da zai tsaya, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a fannin nan.

Kafin ƙwai ya isa mahaifar kaza, an riga an naɗe shi da 'yar fatar nan da kike gani idan kin ɓare dafaffen ƙwai. A kanta akwai ƙananan ɗigo-ɗigon furotin a jere. Ruwan mahaifar cike yake da kalsiyam da kabonet fiye da kima, amma sai a kan waɗannan ɗigon yake fara daskarewa. Da farko yakan zama dunƙule maras tsari, sannan ya rikiɗe ya zama ƙiristal, wato daskararre mai tsari, mai suna kalsait. Daga kowane ɗigo sai ginshiƙi ya taso, ya yi ta girma har ya haɗu da na kusa da shi. Inda ba su haɗu sosai ba nan ne ƙananan ƙofofin da ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu. Aikin na ɗaukar kusan awa 20, yawancinsa da dare, yana cin kalsiyam kamar giram 2, kaurin ɓawon kuma bai kai rabin milimita ba.

Wannan mataki na dunƙule maras tsari ya daɗe a ɓoye. A 1997 ne Lia Addadi da Steve Weiner da abokan aikinsu a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka nuna shi a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai ƙaya, daga baya aka gano shi a ɓawon ƙwai. Ƙashi da haƙori ma irin wannan dabarar ce, sai dai nasu kalsiyam fosfet ne, wanda a ƙashi yake shiga tsakanin zaren furotin kolajin. Ƙyallin cikin ɓawon kawar teku kuwa siraran faifai ne da aka jera kamar bulo, furotin na zaman laka a tsakaninsu, shi ya sa tsaga ba ta iya wucewa kai tsaye.

To, batun bazara. Kaza ba ta gumi, haki take yi. Yawan hakin na fitar da iskar kabon dayoksaid daga jininta, ita ce kuwa asalin kabonet ɗin da ake gina ɓawo da shi. Ga shi zafi na rage mata cin abinci, kalsiyam ma ya yi ƙaranci. Idan dare ya yi cikinta babu komai, sai ta koma ɗiba daga ƙashinta, abin da ke raunana ta in ya yawaita. Don haka ki tabbatar abincin na ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100. Kada duka ya zama gari. Ki ba su ɓarzajjen ɓawon kawa ko dutsen laimston, wato wanda ake ƙonawa a yi siminti, da yamma, domin yana daɗewa a ƙundu yana narkewa sannu a hankali har cikin dare. Ruwa mai sanyi da iska a akurki ba su da madadi, kuma a ganina nan ne masu kiwo da yawa ke sakaci, su tsaya sayen magani.

Kwaikwayo kuwa an yi nisa. A 1969 Larry Hench na Jami'ar Florida a Amurka ya ƙirƙiro wani gilashi da idan an sa shi a jiki, kalsiyam fosfet ke tsirowa a kansa har ya manne da ƙashi. A jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Henk Jonkers ya cakuɗa kankare da bakteriya da abincinsu. Idan bango ya tsage ruwa ya shiga, sai su farka su samar da kalsiyam kabonet su toshe tsagar. Sai dai ƙananan tsagogi kawai yake iya rufewa, kuma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa kamar kankare na yau da kullum.