Yadda ake koya wa ɗalibin jinya magana da marar lafiya

Malama, sannu da aiki, Allah ya taimaka. Kin ce kin fara koyarwa a wata makarantar ma'aikatan jinya a Marwa, a arewacin Kamaru, an ba ki darasin magana da marasa lafiya, kuma ɗalibanki suna haddace abin da kika rubuta musu har su ci jarrabawa da maki mai kyau, amma da zarar an kai su asibiti koyon aiki sai wasu su riƙa daka wa mutane tsawa, wasu kuma su ɗaure fuska su yi allura su fice babu ko sannu. Kina tambaya ko akwai hanyar da ta fi wadda kike bi. Na daɗe a wannan aiki a Garwa, da farko a bakin gado, daga baya a aji, kuma abin da zan faɗa na gina shi ne a kan abin da na gani.

A ganina, ɗalibin da bai san abin da yake faruwa a zuciyarsa ba a lokacin da yake tsaye a kan marar lafiya, duk ƙa'idar magana da kika koya masa za ta gudu ta bar shi a ranar da ya fi bukatarta. Ki dubi waɗanda ake kawo mana. Yawancinsu matasa ne da ba su daɗe da gama sakandare ba, ba su taɓa ganin gyambon da ya ruɓe ba, ba su taɓa wanke dattijon da ya kai sa'an mahaifinsu ba, ba a taɓa mutuwa a hannunsu ba. Tsoro da ƙyama da kunya suna taso musu gaba ɗaya, kuma tun da babu wanda ya gaya musu cewa jin haka ba laifi ba ne, sai su rufe shi da faɗa ko da ɗaurin fuska. Karanta musu darasi a allo sannan a tura su ɗakin marasa lafiya daidai yake da koya wa yaro iyo a aji sannan a jefa shi kogin Binuwai da damina. Saboda haka ni da sanin halin kai nake farawa, dabarun magana su biyo baya.

Akwai wani zane mai gida huɗu da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Joseph Luft da Harrington Ingham, suka fitar a 1955, ana kiransa tagar Johari. Gida ɗaya shi ne abin da kai da mutane duk kuka sani game da kai, ɗaya abin da ka sani ka ɓoye, ɗaya abin da mutane suke gani a jikinka kai ba ka gani, na ƙarshe kuma wanda babu wanda ya sani tukuna. Gida na uku shi ne ya fi damun ma'aikacin jinya, domin marar lafiya yana ganin yatsinar fuskarsa da yadda yake ja da baya alhali shi bai san yana yi ba. Zana tagar a allo ba ya gyara kowa. Abin da nake yi shi ne in raba aji uku-uku, ɗaya ya zama marar lafiya, ɗaya ma'aikacin jinya, na uku ya zauna gefe yana kallo, a ɗauki abin da wayar hannu idan duk sun yarda, sannan wanda ya yi aikin ya fara kallon kansa kafin kowa ya ce uffan. Sau da yawa ba sai na yi magana ba, ɗalibi da kansa yake cewa ashe haka yake tsaya wa mutum a ka hannu a ƙugu. Hoton ana goge shi a nan take a gabansu, kuma doka ce mai ƙarfi cewa ba a ɗaukar marar lafiya na gaskiya.

Abu na biyu, wanda na fi dogara da shi, ya samo asali ne daga koyarwar Hildegard Peplau, ma'aikaciyar jinyar masu taɓin hankali a Amurka, wadda a 1952 ta fitar da littafin da ya kafa ra'ayin cewa dangantakar ma'aikacin jinya da marar lafiya ita kanta wani ɓangare ce na magani, kuma tana da mafari da tsakiya da ƙarshe. Ɗalibi zai zaɓi hira guda da ya yi da marar lafiya a wannan mako, ya raba takarda gida uku, ya rubuta abin da marar lafiyar ya ce ko ya yi, abin da shi ya mayar masa, da abin da ya ji a ransa a daidai lokacin, ba tare da sunan kowa ba. Gida na ukun nan kada ki ba shi maki, domin idan suka gane cewa tausayi ne yake kawo maki, kowa zai rubuta cewa ya ji tausayi. Ki karanta tare da ɗalibin ku biyu kawai, ki yi tambaya maimakon faɗa. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta hirarta da wata mata mai yoyon fitsari, sai na lura duk tambayoyinta gajeru ne, na e ko a'a. Da na tambaye ta inda ta tsaya, sai ta yi shiru, daga baya ta ce a bakin ƙofa, saboda zarni. Matar nan kuwa abin da ya raba ta da mijinta da danginta ke nan, kuma ta ga an sake yi mata. Ɗalibar ta gano wannan da kanta, washegari ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

Sai batun harshe, wanda littattafan da muke koyarwa da su ba su san da shi ba. Da Faransanci muke karantarwa, da shi ake jarrabawa, amma wanda yake kwance a gado Fulatanci yake ji, ko Hausa, ko Barbarci, ko Larabcin Shuwa, ko Mafa, ko Giziga, ko Tupuri, ko Mundan. A yankinku ma akwai 'yan gudun hijira daga Najeriya tun da aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013. Ɗalibin da ya iya tsara jimla mai taushi da Faransanci, idan ya koma Fulatancin da ya koya a kasuwa, sai umurni kawai ya fito: kwanta, tashi, buɗe baki. Don haka ki sa su yi kwaikwayon da harsunan da za su yi aiki da su, ki haɗa wanda ya iya harshen da wanda bai iya ba. Ki koya musu aiki da tafinta ma: su dubi marar lafiya su yi masa magana shi da kansa, su yi gajerun jimloli, kuma kada su yarda yaro ya fassara wa mahaifiyarsa abin da ya shafi haila ko ciki ko cutar ƙanjamau. Idan miji ne yake amsa wa matarsa duk tambaya, akwai hanyar da za a roƙe shi cikin ladabi ya ɗan ba da wuri don za a duba ta, kuma wannan jimlar ma sai an gwada ta a aji kafin ta zauna a baki.

Haka nan littattafan suna cewa a dubi marar lafiya cikin ido, a kira shi da sunansa. A wurinmu budurwa ba za ta ɗaga ido ta kalli namiji ba, kuma saurayin da ya zuba wa tsoho ido ana ganinsa marar tarbiyya. Uwa tana iya ƙin faɗin sunan ɗanta na fari saboda alkunya, ɗalibin da bai san wannan ba sai ya ɗauka taurin kai ne. Bafulatani da aka raina a kan dauriya yana iya kasancewa cikin azaba ya ce maka da sauƙi, saboda haka dole ɗalibi ya koyi karanta gumi da bugun jini da yadda mutum ya dunƙule a gado, sannan ya sake tambaya ta wata hanya, misali ko ya samu barci jiya, ko yana iya sunkuyawa a salla. Gaisuwa kuma ba ɓata lokaci ba ce. Wanda aka ce wa Baba ko Inna ko Malam, aka tambaye shi kwanan jiki, aka gaya masa sunan mai duba shi da abin da za a yi masa, ya fi saurin buɗe cikinsa a kan wanda aka kira da lambar gado.

Sauraro shi ne ya fi ba su wuya. Wani bincike da Howard Beckman da Richard Frankel suka buga a Amurka a 1984 ya nuna cewa likitoci suna katse marar lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa, kuma mafi yawan marasa lafiyar ba su kai ƙarshen abin da suka zo faɗa ba. A kan likitoci aka yi shi, amma duk wanda ya zauna a ɗakin awo ya san namu ba su fi haka ba. Ina sa ɗalibi ya yi tambaya guda a buɗe, irin “Baba, me ya kawo ka?”, sannan ya kame bakinsa minti biyu cur. Za ki ga yadda suke mutsu-mutsu, kuma wannan mutsu-mutsun shi ma abin tattaunawa ne. Daga nan sai mu zo kan kalmomin da muke rufe bakin mutane da su. Mace ta ce tana tsoron ba za ta tashi ba, ɗalibi ya yi maza ya ce ba komai, za ki warke. Tun 1859 Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya ta Ingila, ta yi kashedi a kan cika marar lafiya da fatan da babu gaskiya a cikinsa. Addu'a tana da gurbinta, ni ma ina yi wa marasa lafiya, kuma suna jin daɗinta, amma a fara tambayar matar abin da ya fi tsorata ta. Wani lokaci ba mutuwar ba ce, 'ya'yan da ta bari a gida ne, ko kuɗin maganin da ta san mijinta ba shi da su.

Wani wuri da magana take kashewa ko ta raya shi ne lokacin sallamar marar lafiya daga asibiti. Idan ɗalibi ya ce “ka gane?”, amsar kullum e ce, saboda kara. Ki koya musu su ce wa marar lafiya ya maimaita musu yadda zai sha maganin idan ya koma gida, su ɗora nauyin a kansu da cewa suna so su tabbatar sun yi bayani daidai. Misalin da nake bayarwa shi ne tarin fuka: magani ne na wata 6, mutum yana jin sauƙi tun a makonnin farko, ɗaya daga cikin ƙwayoyin kuma, rifamfisin, yana mayar da fitsari ja-ja. Wanda ba a gaya masa waɗannan abubuwa ba zai daina sha, ko don ya ga ya warke ko don ya ɗauka jini yake fitsarwa. Haka mai ciwon sukari idan azumi ya gabato, gara a yi maganar da shi tun da wuri. Maganin gargajiya kuwa, jiƙo ne ko sassaƙe ko rubutu, kusan kowa ya sha kafin ya zo, kuma ɗalibin da ya tambaya da fuskar faɗa ƙarya za a yi masa.

Duk wannan yana iya rushewa a makon farko na koyon aiki, domin ɗalibi ya fi kwaikwayon abin da ya ga manya suna yi a kan abin da ya ji a aji. Ɗakin haihuwa ne ya fi muni, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a 2014 a kan wulaƙanci da cin zarafin mata masu naƙuda a asibitoci. Ban ce a zagi ma'aikata ba, na san abin da ake ciki idan damina ta cika ɗakin yara da zazzaɓin cizon sauro, ko sanƙarau ya ɓarke da bazara, mutum ɗaya yana riƙe da gadaje masu yawa babu barci. Amma ki je da kanki ki gaisa da shugabannin ɗakunan, ki nuna musu abin da kike koyarwa, ki nemi su haɗa ɗalibanki da ma'aikatan da aka sani da iya mu'amala, domin a kowane asibiti akwai su. Kuma ki ware sa'a guda a ƙarshen mako ɗalibai su faɗi abin da suka gani, musamman idan an yi rasuwa a hannunsu, ba tare da ambaton sunan ma'aikaci ko marar lafiya ba.

Game da jarrabawa, muddin rubutu kaɗai ake tambaya, hadda kaɗai za su yi. Tsarin jarrabawar aiki ta tasha-tasha, inda ɗalibi yake zagayawa daga wuri zuwa wuri yana gwada aiki a aikace, wanda Ronald Harden ya bayyana a 1975, ba ya bukatar kayan tsada. Ki samu ɗaliban shekarar ƙarshe ko wani ma'aikaci da ya yi ritaya su zama marasa lafiya, ki ba kowa labarin da zai riƙe, ɗalibi ya shiga na minti biyar zuwa bakwai, ke kuma kina riƙe da takardar da ta nuna ko ya gaisa, ko ya gabatar da kansa, ko ya nemi izini kafin ya taɓa jiki, ko ya katse magana, ko ya sa an maimaita masa bayanin magani. Ki bar wa wanda ya yi marar lafiyar gurbi shi ma ya ba da nasa makin. Idan hukumar makarantarku ba ta yarda a sa wannan cikin babbar jarrabawa ba, ki fara da sa shi cikin makin aikin aji, ki ajiye takardun zangon farko domin ki nuna musu idan an zauna taron malamai.