Tambaya da Amsa: Fatalwar Cocin Borley da Yadda Ake Binciken Irin Wannan Wuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani bidiyo a YouTube, wasu Turawa sun kwana a gaban wani tsohon coci mai suna Borley a Ingila, suna cewa ana jin takun mutane da kiɗa a ciki alhali ƙofa a kulle take. Shin wurin yana nan, kuma da gaske ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wurin yana nan. Borley ɗan ƙauye ne a yankin Essex, kusa da garin Sudbury, kuma wani sashe na cocin ya haura shekara 800 a tsaye. Amma ba cocin ne ya fara yin suna ba, gidan limamin cocin ne da ke tsallaken titi, wanda Rabaran Henry Bull ya gina a 1862. An yi ta yaɗa cewa fatalwar wata 'yar zuhudu, wato Kiristar da ta keɓe kanta don ibada, tana gilmawa a lambun gidan, wai an gine ta da rai a cikin bango saboda ta yi soyayya da wani ɗan zuhudu. Da aka bi tarihi, ba a samu shaidar cewa an taɓa yin gidan zuhudu a wurin ba.

A 1929 jaridar Daily Mirror ta buga labarin, ta kuma kawo wani mai binciken fatalwa, Harry Price. Zamanin Rabaran Lionel Foyster da matarsa Marianne, daga 1930 zuwa 1935, an ce abin ya ƙazanta: rubutu a bango, jifa da duwatsu, ƙararrawa tana kaɗawa ita kaɗai. A 1937 Price ya kama hayar gidan na shekara guda, ya ɗebi mutum 48 suna gadi bi da bi. Gidan ya ƙone a Fabrairun 1939, aka rushe shi a 1944, daga nan sai labarin ya tsallaka titi ya koma cocin.

A 1956 mutum uku daga ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura da aka kafa a Landan a 1882, wato Eric Dingwall da Kathleen Goldney da Trevor Hall, suka bi takardun Price ɗaya bayan ɗaya. Sun gano ƙarin gishiri mai yawa, har da shaidar wani ɗan jarida da ya ce ya kama shi da tsakuwa cike da aljihu a daren da aka yi jifa. Kuskuren da ya fi wannan girma a wajenmu shi ne, kafin masu gadin nan su shiga, an ba kowa ɗan littafi mai bayanin abin da aka saba gani da inda ake ganinsa. Wanda aka ce masa akwai maciji a ɗaki, ko igiya ya taka zai yi ihu.

Tambaya: Ni ɗalibar kimiyyar lissafi da fiziks ce. Idan aka ba mutum dama ya binciki tsohon coci irin wannan, ta ina zai fara, kuma wane kaya zai riƙe? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Malama, aikin da rana ake fara shi. Da farko a nemi izini a rubuce daga limamin cocin da masu kula da ginin, domin wurin ibadar mutane ne kuma kakanninsu na kwance a harabar. Mutanen Borley sun daɗe suna kuka da masu zuwa cikin dare suna tattake kaburbura. Bayan izini, a zana taswirar ginin, a sa alama a kowace ƙofa da taga da bututun ɗumama ɗaki da wayar lantarki. A tambayi mai gadi ƙarfe nawa tukunyar ɗumama ruwa take kunnuwa da kashewa. Sai a zauna da waɗanda suka ce sun ji ko sun gani, kowa shi kaɗai, a rubuta rana da lokaci da yanayin iska. In aka haɗa su wuri ɗaya, kafin a tashi labarinsu ya zama iri ɗaya.

Kayan aiki ba su da yawa. Ana bukatar ƙananan ma'aunan zafi masu adana bayani guda 6 zuwa 8, a saita su suna rubutawa kowane minti ɗaya, a tsayin mita ɗaya daga ƙasa, ɗaya kuma a waje. Kafin a rarraba su a zuba su cikin kwali ɗaya na awa guda, domin a san wanda yake ƙari da wanda yake ragi; in ba haka ba, bambancin digiri ɗaya da ke tsakanin na'ura da na'ura sai a ɗauka sanyin fatalwa ne. Ma'aunin nan mai kama da bindiga mai jan haske ba ya auna iska sam, zafin abin da aka nuna shi gare shi yake karantawa, shi ya sa da an juya shi ga gilashin taga lamba take faɗuwa. Don gano inda iska ke shigowa, siririn tishu da aka manna da salatif a bakin ƙofa ya wadatar.

Rikoda kuwa aƙalla uku: biyu a ciki, nesa da juna, ɗaya a waje. A kashe tsarin da ke ƙara ƙarfin sauti da kansa, domin idan wuri ya yi tsit yakan ɗaga ƙarar na'urar kanta har ta koma kamar raɗa, kunne kuma gwani ne wajen tsintar kalmomi a cikin shuu. A tsaya daidai tsakiyar rikoda biyun a tafa hannu sau ɗaya, wannan shi ne alamar daidaita lokaci a kwamfuta. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka in tazarar mita 30 ce, ƙarar da ta tashi kusa da ɗaya za ta isa ɗayar bayan kusan kashi 9 cikin 100 na daƙiƙa. Da wannan ake sanin gefen da ƙara ta fito. In rikodar waje ce ta fara ɗauka, magana ta ƙare. Duk wanda ya yi tari ko ya gyara zama ya faɗa da baki, ya ambaci lokaci.

Tsohon coci ba ya shiru ko kaɗan. Bayan faɗuwar rana katakon rufi da na benci suna sanyi suna tsukewa, su riƙa yin ƙas, ƙas, wani bayan wani, kamar mutum yana tahowa. Bututun ƙarfe ma haka idan aka kashe wuta. Akwai wani ƙwaro mai cin tsohon katako da ke buga kansa a jikin itace don kiran mata a watannin Afrilu zuwa Yuni. Turawan dā suna jinsa idan suna jinyar mara lafiya cikin dare, har suka ɗauke shi alamar mutuwa, kamar yadda wasu a wajenmu suke ɗaukar kukan mujiya. Ita mujiyar ma tana son hasumiyar coci, ga jemagu, waɗanda dokar Birtaniya ta 1981 ta hana a taɓa. Kiɗan da ake ji kuma, a fara duba ogan, wato kayan kiɗan nan mai bututu: idan danshi ya kumbura katako, murfin wani bututu yakan maƙale a buɗe, ragowar iskar da ke cikin mafuri, wato ma'ajiyar iskar ogan ɗin, ta sa shi kuka ba wanda ya taɓa. A kashe injin hura iskar, a jira mafurin ya kwanta gaba ɗaya, a rubuta lokacin.

Abin da ya fi duk na'urori muhimmanci shi ne a raba mutane gida biyu, rukuni ɗaya bai san labarin wurin ba. Kowa ya zaga shi kaɗai, ya sa alama a taswira inda ya ji wani abu, ba tare da ya yi magana da kowa ba. A 1997 Rense Lange da James Houran sun zaga da mutum 22 cikin wani gidan wasan kwaikwayo a Amurka. Rabin da aka ce musu akwai fatalwa sun fi sauran jin abubuwa nesa ba kusa ba. Kuma dare ɗaya ba bincike ba ne. A yi aƙalla uku, cikin yanayi daban-daban.

Tambaya: Fararen ƙwallaye da ke fitowa a hoto, da na'urar nan mai fitilu da ke kyaftawa da masu binciken fatalwa ke riƙewa fa? Daga wani mai ɗaukar hoto a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ma ka san su a hoton biki lokacin hunturu. Ƙura ce da ke dab da idon kyamara, hasken filasha ya doke ta, ta fito a dusashe kamar ƙwallo. Nisantar da filasha daga kyamara da tsawon hannu ɗaya, su ɓace. Na'urar mai fitilu kuwa an ƙera ta ne don gano ƙarfin maganaɗisun wayar lantarki, wadda a Ingila da Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Wayar hannu a aljihu ko rediyon oba-oba ma suna kunna ta.

Tambaya: Kada dai ku ce babu aljanu. Kuma me zai sa mutum ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ƙirjinsa ya yi nauyi a irin wannan wuri? Daga wani dattijo a Sakkwato.

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba. Ba mu ce haka ba. Batun aljanu na addini ne, malamai ne masu magana a kai, kuma babu na'urar da aka taɓa ƙerawa mai auna gaibu. Duk wanda ya sayar da ita da wannan suna ya ci kuɗin mutane. Ita kanta Cocin Ingila, tun ƙa'idar da ta fitar a 1975, ba ta yarda limami ya yi addu'ar korar aljanu ba sai da izinin bishop, wato babban limamin yankin, tare da shawarar likitoci.

Nauyin ƙirji yana da dalilai da ake iya aunawa. A 1998 wani injiniya, Vic Tandy, ya ba da rahoton ɗakin gwajin da ma'aikata ke jin tsoro a ciki, shi kansa ya ga wani abu toka-toka ta gefen ido. Da ya ɗaure siririn takobin wasa a teburin aiki sai ya ga yana rawa shi kaɗai. Ashe sabuwar fanka ce ke fitar da sauti mai kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke ji, kuma Tandy ya ɗauka wannan sautin ne ke jawo tsoron. Babban bututun ogan mai tsawon ƙafa 32 shi ma yana fitar da irin wannan sauti, mai kaɗawa sau 16 a daƙiƙa. Sai dai gwajin da Chris French ya wallafa a 2009 ya nuna cewa saurin yarda da abin da aka faɗa wa mutum ya fi wannan sauti tasiri.

Wanda muke roƙo kada a yi wasa da shi shi ne gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. A 1921 likitan ido William Wilmer ya wallafa labarin wani iyali a Amurka da ke jin taku da nauyi a ƙirji, suna ganin mutane a gindin gado, shukokinsu na cikin gida suna mutuwa. Murhun ɗumama gidan ne ya lalace; da aka gyara, komai ya tsaya. Ita ce gubar da ke cikin hayaƙin janareta da gawayin da ake kwana da shi a ɗaki rufe. Shi ya sa mai bincike ke rataya na'urar gargaɗinta kafin ya kunna rikoda. Idan mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a buɗe ƙofofi, kowa ya fita, a kashe abin da ke ci da wuta, a wuce asibiti a faɗa wa likita ana zargin hayaƙi ne.