Wace ƙaramar bindiga zan saya in riƙa yawo da ita a jikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston, jihar Texas, ina da katin zama na dindindin, kuma aikin dare nake yi a gidan mai. An yi fashi a wani shago kusa da mu, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na taɓa harbi a filin koyo, yanzu ina so in sayi tawa. Ina tsakanin Glock 19, SIG P365 da Shield Plus. Wani abokina ya ce in ɗauki wadda ta fi ƙanƙanta in jefa a aljihu, ba sai na sayi kube ba, tunda bindigogin yanzu ba sa tashi da kansu. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya tsare, Ya kwantar maka da hankali. Katinka ya ba ka damar saye a dokar tarayya, saɓanin yawancin masu bizar karatu ko ziyara, kuma Texas ta cire sharaɗin lasisin yawo da ƙaramar bindiga tun 1 ga Satumba 2021. Duk da haka ka je ka yi lasisin. A ajin ne za a zaunar da kai a kan wuraren da aka hana shiga da makami da lokacin da doka ta yarda ka zaro shi. Ka kuma tambayi masu gidan man, don da yawansu sun hana ma'aikata riƙe bindiga a bakin aiki.

Duka ukun nan harsashi mai milimita 9 suke ci, kuma babu ta banza a cikinsu. Glock 19 na ɗaukar 15, bututunta kusan inci 4, tana cika tafin hannu, ita ce ta fi sauƙin saitawa, amma tana da kauri, a zafin Houston kuma riga ɗaya ba ta cika rufe ta ba. P365, wadda ta fito a 2018, na ɗaukar 10 a jikin da faɗinsa bai wuce inci guda ba. Shield Plus ta 2021 na zuwa da magazin, wato gidan harsashi, mai 10 da mai 13. Ƙananan biyun sun fi ɓoyuwa, sai dai rashin nauyi ya sa suna dukan hannu sosai, ƙaramin yatsa kuma ba ya samun wurin zama. Wanda bai daɗe da fara harbi ba, na fi tura shi ga Glock 19, ko P365 XL, wadda ta ɗan fi P365 girma, idan kaurin ya dame shi. Ka yi hayar ukun a filin harbi, wadda harsasanka suka fi taruwa wuri ɗaya da ita, ita ce taka.

Maganar abokinka ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji ta. Gaskiya ne waɗannan bindigogi ba sa tashi don sun faɗi ƙasa. Glock tana da makullai uku a cikinta, amma duka ukun suna buɗewa ne da zarar an ja kunama, kuma bindiga ba ta san bambancin yatsanka da makullin mota ba. Nauyin da ake buƙata a ja kunamar kusan kilo biyu da rabi ne kawai. Yanzu ka duba aljihunka: makullai, carbi, tsabar kuɗi, igiyar caja. Ko bakin aljihun kansa zai iya naɗewa ya shiga zoben kunama lokacin da ka zauna a mota. Bakin bindigar kuma a wannan zama yana kallon cinyarka, inda babbar jijiyar jini ta bi. Idan ta tsinke, mintuna kaɗan mutum ke da su.

A Nuwamban 2008, ɗan wasan ƙwallon Amurka Plaxico Burress ya shiga gidan rawa a New York da Glock soke a ƙugun wando, ba kube. Ta zame tana gangarowa, ya kai hannu ya cafke ta, yatsa ya faɗa kan kunama, ya harbi cinyarsa. Ya rayu, aka kuma yanke masa shekara biyu a kurkuku saboda ba shi da izinin riƙe ta a can. Mutum ne mai kuɗin da zai sayi kube dubu.

Mu kuma muna da tamu matsalar ta daban. Ranar Juma'a mutum ya sa kaftani da wando mai tazuge, ya soke bindiga a ƙugu, ya ɗaure igiya, ya ce ai rigar ta rufe. Ta rufe, amma tazuge ba ya riƙe ƙarfe. Ka yi tsugunon alwala, ka yi ruku'u, ka yi sujada, a kowace sunkuyawa tana motsawa, kuma akwai mutum a gabanka da yaro a gefenka. Aljihun gefen kaftani ma haka, bindiga juyawa take a ciki har ba ka san ina bakinta ya nufa ba. In za ka sa kayan gida, ko tela ya yi wa wandon madaukan bel, ko ka bar ta a kulle a akwatinta. Ka kuma girmama masallacin da ya kafa sanarwar hana shiga da makami.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ba da wannan shawara ba su taɓa zama ajin horo ba. Sun kalli bidiyo biyu a YouTube sun zama malamai. Wasunsu har cewa suke a sayi kuben yadi mai laushi na dala goma wanda “ke shiga kowace bindiga”. Kuben da ke shiga kowace bindiga bai riƙe ko ɗaya ba. Idan ka zaro, bakinsa rufewa yake, sai ka koma kana tura ta da hannu biyu, bakin yana shafar jikinka. Wanda nake nufi mai tauri ne, na Kydex, wato roba mai tauri, ko fata mai ƙarfi, an ƙera shi daidai jikin samfurin bindigarka, ya rufe kunama ruf, ya kama bel mai kauri. Ka gwada shi da bindigar da ka cire magazin ka kuma leƙa ka tabbatar ba harsashi a cikinta: ka kifa kuben a kan katifa, idan ta faɗo, ka mayar musu. Lokacin mayar da bindiga cikin kube kuwa, kada ka yi sauri, ka ɗaga rigar da ɗaya hannun, ka kalli ramin da idonka, yatsa a miƙe a gefe.

Ka kasa kuɗinka tun yanzu: bindiga, kube da bel, akwatin ƙarfe mai makulli saboda yara a gida, da kuɗin horo da harsashin gwaji. Idan kuɗin bindigar kaɗai gare ka, ka jira wata biyu su cika. Kafin nan, idan ɗan fashi ya shigo, ka miƙa masa kuɗin akwatin gidan man, na kamfani ne, kada ka yi gardama da shi a kansu.