Ina danna kibod, sauti na zuwa a makare: katin sautin ne jabu ko kwamfutar ce ta lalace?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a taimaka min, hankalina ba a kwance yake ba. Na sayi katin sauti na USB da kibod na MIDI, wato kibod ɗin kiɗa da ake jona wa kwamfuta, ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a laftof mai Windows 10. Idan na danna kibod sai an ɗan jima sautin piyano ke fitowa, har na kasa bin kiɗan. Na kai wa wani mai gyara, ya ce direbobina ne suka tsufa. Ya kashe antibayiros, ya saka wata manhaja da ta sabunta direbobi sama da ashirin a lokaci guda, ya kuma kashe wani abu da ya ce shi ke hana direba shiga. Jinkirin bai tafi ba, yanzu ma sautin tsattsagewa yake yi, sau biyu allon ya koma shuɗi, ga wani rubutu "Test Mode" ya fito a kusurwa. Ina da aikin da zan miƙa. Katin jabu ne, ko laftof ɗin ne ya gama?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka. Daga abin da ka bayyana ban ga alamar katin jabu ba, ban kuma ga alamar laftof ya mutu ba. Matsalarka ta farko, wato jinkirin, ta minti biyar ce. Ta biyun, wadda mai gyara ya ɗora maka, ita ce mai aiki, kuma da ita za mu fi daɗewa.

Jinkirin tukuna. Kusan tabbas FL Studio ɗinka yana kan Primary Sound Driver ne, ko wata hanya makamanciyarta. Wannan hanyar tana bi da sautin ta mahaɗar sautin Windows, inda ake tara shi da na burauza da ƙarar sanarwa kafin a miƙa wa katin. Mai kallon bidiyo ba zai taɓa lura ba, amma yatsun makaɗi suna lura. Don haka kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da ASIO a ƙarshen shekarun 1990, hanya ce da manhajar kiɗa ke magana da katin kai tsaye. Ka danna F10, ka shiga Audio, ka duba Device. Idan direban katinka, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin, yana nan, za ka ga sunan katin tare da kalmar ASIO. Shi za ka zaɓa. Mutane da yawa suna saka direba daidai, su manta ba su zaɓe shi a cikin manhajar ba, su yi wata guda suna zagin katin.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo min kwamfutar da aka yi wa abin da aka yi wa taka, kuma tunanin da ke jawo shi guda ne: wai direba kamar man inji ne, idan ya tsufa sai a zuba sabo, kuma ko daga ina sabon ya fito daidai ne. Direba ba ya tsufa don shekara ta zagayo. Wanda kamfanin katinka ya rubuta shekara huɗu da suka wuce, in dai yana tafiya da Windows ɗinka, ya fi kowane sabo da wata manhaja ta tsinto maka. Manhajojin nan na sabunta direbobi kasuwancinsu shi ne tsoratarwa. Su zana maka jan layi, su ce abu ashirin na cikin haɗari, alhali kwanan watan fayil kawai suka duba. Ba su san kai makaɗi ba ne, ba su san ASIO ba. Sau da yawa abin da suke yi wa katin sauti shi ne su ture direban kamfaninsa su maye gurbinsa da na gama-gari, sai ASIO ɗin katin ya ɓace daga jerin ko ya ƙi buɗewa. Su kuma taɓa direban USB da na Wi-Fi da na hoto, waɗanda su ne kan gaba wajen sa sauti tsattsagewa. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Da ɓarnar ta tsaya nan da sauƙi. Direba ba irin sauran manhajoji ba ne. Burauza idan ta rikice, ka rufe ta ka sake buɗewa. Yawancin direbobin na'ura kuwa a can cikin zuciyar Windows suke aiki, inda babu mai ce musu kul. Idan direba ya yi kuskure, Windows gaba ɗaya ke faɗuwa, shuɗin allon da ka gani kenan. Ka tuna 19 ga Yuli 2024, ranar da sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro CrowdStrike ta kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka rikice? Abin da ya jawo shi ne manhajarsu tana aiki a wannan zurfin. Wannan fa kuskure ne na ƙwararru, ba mugunta ba. A 2017 ma masu bincike sun gano cewa wata manhaja da ke zuwa tare da direban sauti na Conexant a wasu laftof na HP tana rubuta duk abin da mutum ya danna a cikin wani fayil. Direban sauti fa, wanda kowa ke ganin ba shi da haɗari. Idan na manyan kamfanoni kan zo da irin wannan, me kake tsammani daga fayil ɗin da ba a san wanda ya haɗa shi ba, aka sauke daga shafi mai maɓallan saukewa biyar, huɗu na talla?

Saboda wannan ne Windows mai bit 64, tun zamanin Vista, ba ya yarda direba ya shiga zuciyarsa sai da sa hannun dijital da ke nuna wanda ya yi shi, da kuma cewa ba a taɓa fayil ɗin a hanya ba. Wannan shingen yana da ƙarfin da har waɗanda suka ƙera Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka gano a 2010, sai da suka yi amfani da satacciyar shaidar sa hannu ta Realtek da JMicron kafin direbobinsu su wuce. Mutanen da ke da kuɗi da ƙwarewa sai da suka saci mabuɗi. Shi kuma mai gyaranka ya cire ƙofar ɗungurungum ya jingine ta, ya ce ita ke hana iska shiga. Rubutun "Test Mode" da kake gani ma'anarsa kenan. An yi yanayin ne don masu rubuta direba su gwada aikinsu, ba don a bar kwamfutar mutum a haka ba.

Ni dai na gaji da jin "ai kowa haka yake yi". Katin sauti na kirki da ake sayarwa yau ba ya buƙatar ka kashe antibayiros ko ka kashe tantance sa hannu. Duk wanda ya ce sai ka yi haka, ɗayan biyu ne: ko bai san abin da yake yi ba, ko ya sani sarai. Kuma ku masu gyara, ku ji tsoron Allah. Mutum ya ba ka amanar na'urar da yake neman abinci da ita, akwai aikin mutane a ciki, akwai kalmomin sirrinsa, ka tura mata tarkacen da kai kanka ba ka san asalinsa ba don kawai allo ya nuna kore a ce ka yi aiki. Faɗin "ban san kan katin sauti ba" bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Garin neman gira an kusa rasa ido.

To ga yadda za ka warware. Kwashe aikinka zuwa wani faifai na waje kafin komai. Kunna antibayiros, cire manhajar sabunta direbobin, ka sa a binciki kwamfutar gaba ɗaya. Ka duba System Restore, abin da ke mayar da Windows yadda yake a wata rana ta baya, idan akwai wurin komawa na kafin ranar da ka kai gyara, koma can, shi ne hanya mafi sauri. Don fita daga Test Mode, buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, a matsayin mai iko (Run as administrator), ka rubuta bcdedit /set testsigning off, ka sake kunna kwamfutar. Idan bayan wannan shuɗin allo ya dawo, ko binciken ya kamo wani abu, kada ka tsaya faci: sake ɗora Windows sabo, ka canza kalmomin sirrin imel da na sauran asusunka daga wata na'urar daban. Na san zafin wannan ga mai aiki a hannu, amma ya fi ka kashe maciji ba ka sare kansa ba.

Saka direban gaskiya ba shi da wuya. Shafin kamfanin da ya ƙera katin kaɗai za ka je, ka nemi ainihin samfurinka, don kati mai suna ɗaya kan zo zubi na biyu da na uku, kowanne da nasa. Galibi ana cire katin, a saka direba, a sake kunna kwamfuta, sannan a jona, amma ka bi abin da takardarsa ta ce. Jona shi kai tsaye a jikin laftof, ban da mahaɗar USB mai ramuka da yawa. Sifika ko abin kunnenka kuma a jikin katin za su kasance. Ka manta da Bluetooth wajen buga kiɗa, jinkirinsa kaɗai kan haura milisakan 100, babu direban da zai cire shi.

ASIO4ALL fa, wanda za ka iya gani a jerin Device? Ba laifi gare shi ba, amma ba direban katinka ba ne, riga ce da ake sa wa direban Windows don ya yi kama da ASIO. Amfaninsa ga mai katin cikin laftof ne, ko ƙaramin katin da kamfaninsa bai yi masa ASIO ba. Idan naka yana da nasa, ɗora ASIO4ALL a kai koma baya ne.

Sai bafa, wato ɗan rumbun da kwamfuta ke tara gutsattsarin sauti a ciki kafin ta miƙa wa katin. Lissafin mai sauƙi ne: girman bafa a raba da adadin samfur a daƙiƙa (sample rate, wato yawan gutsattsarin sautin da ke wucewa a kowace daƙiƙa). A kan 48,000, bafa 128 tana ba da milisakan 2.7, 256 tana ba da 5.3, 512 kuma 10.7. A kan 44,100, bafa 2048 ta kai milisakan 46, wannan kuwa kowane makaɗi zai ji shi. Abin da zai iso kunnenka zai ɗara lissafin kaɗan, don USB da katin kansa suna ƙara nasu. Don ka gane girman abin, sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato milisakan 3 a kowace mita. Bafa 256 tamkar ka matsa da sifika mita biyu ne daga inda kake zaune, ba wanda wannan ya taɓa hana kiɗa. Na faɗi haka ne don masu ja da bafa zuwa 32 suna taƙama, firosesa ya kasa cika ta a kan lokaci, sauti ya riƙa ƙas-ƙas. Fara da 256 daga Show ASIO panel. Idan lafiya, gwada 128. Lokacin haɗa sautuka, da filogin, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa a cikin FL Studio, sun yi yawa kuma ba kibod kake bugawa ba, ɗaga zuwa 1024 hankali kwance. A shafin Audio ɗin akwai ma'aunin underruns, mai ƙirga sau nawa firosesa ya kasa cika bafa a kan lokaci, idan lambarsa na hawa, bafar ta yi ƙanƙanta.

Ka tabbata adadin samfur ɗaya ne a katin, a Windows, da cikin FL Studio. Idan wani na 44,100 wani na 48,000, za ka iya jin ƙas-ƙas, ko kiɗan ya sauya murya da kusan rabin sauti da ɗoriya. Laftof ya kasance a jone da caja, tsarin wuta a kan High performance, ka kashe USB selective suspend, saitin da ke sa Windows ya kwantar da ramin USB don tsimin wuta. In har tsattsagewar ta ƙi tafiya, saka manhajar bincike mai suna LatencyMon ka bar shi minti goma kiɗa na tafiya, zai faɗa maka sunan direban da ke riƙe firosesa. Yawanci na Wi-Fi ne ko na hoto. Kashe Wi-Fi ka sake gwadawa, in ya daina ka gano mai laifin. In bai daina ba, turo min sunan fayil ɗin da ya fito a saman jerin, da samfurin katin, mu duba tare.