Tambaya da Amsa: Tsirran bakin teku a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Norwich, mun je bakin teku wajen Blakeney sai na ga ciyawa da furanni sun fito cikin rairayi da laka, wurin da ruwan gishiri ke shiga kullum. Ya ake yi basa mutuwa? Kuma na ga mutane na yankar wani koren tsiro wai ci suke, dan Allah ana ci?
Wata ɗaliba daga Ingila

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wancan koren da kika gani samfaya suke ce masa, bashi da ganye irin wanda muka sani, gaɓa-gaɓa ne cike da ruwa, toh wannan ruwan da yake tarawa shi ke tsarma gishirin da yake sha, shi yasa yake zaune lafiya a lakar da teku ke rufewa sau 2 a rana. Ana cin sa sosai, daga watan Yuni zuwa wajen Agusta. Ki tafasa shi na ɗan lokaci, kar ki sa gishiri ko kaɗan don da nasa ya zo, ki zuba man shanu ki haɗa da kifi. A da har ƙona shi ake yi a yi amfani da tokar wajen yin gilashi.

Amma ni dai shawarata ki saya wajen masu kifi. Wata dokar Birtaniya ta shekarar 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba, sannan lakar nan tana da haɗari, ruwa kan dawo da sauri ya tare wa mutum hanya.

Ciyawar kan tudun rairayin kuwa, maram, gaskiya ita tafi burge ni. Ganyenta a naɗe yake kamar tabarma don kar iska ta busar da ruwan cikinsa, kuma duk sanda rairayi ya binne ta sai ta ƙara tsawo ta sake jijiya a ƙasa, a haka take riƙe tudun gaba ɗaya, tudun kuma shi ke tsakanin teku da gidajen mutane. Wanda ya ga yadda rairayi ke cin gonaki a arewacin Yobe zai gane amfanin wannan. Mutanen Norfolk, yankin da Blakeney take, basu manta ambaliyar 31 ga Janairun 1953 ba, wadda ta kashe mutum sama da 300 a Ingila. Abin tausayi, ciyawar da ke jure gishiri da guguwa bata jure takun ƙafa, in aka yawaita bi ta kanta sai ta mutu iska ta fara kwashe rairayin.

Don haka in kin koma ki bi ta hanyar katakon da aka shimfiɗa, furannin kuma ki ɗauke su a hoto ki bar su a inda suke.